Sharhi kan ledar heparin da ake haɗawa tun daga masana'anta

Tun da sashenmu na asibiti ya koma amfani da ledar heparin (maganin hana daskarewar jini) wadda ke zuwa a haɗe, yunit 25,000 cikin mililita 250, na huta da fargabar da nake yi idan ina zuƙo maganin daga ƙananan kwalabe da tsakar dare. Kwalbar yunit 1,000 da ta 5,000 a kowace mililita sukan yi kama, kuma idon da ya gaji yana iya ruɗuwa.

Babban alherinta shi ne sauƙin lissafi, domin kowace mililita tana ɗauke da yunit 100, saboda haka majinyaci mai kilo 70 da likita ya rubuta wa yunit 18 a kan kowane kilo cikin awa ɗaya zai samu mililita 12.6 a kowace awa, abin da abokiyar aiki za ta iya tabbatarwa nan take kafin a kunna na'urar tura ruwa.

Sai dai ledar ba ta sauya halin maganin ba. Heparin ba ya jituwa da magungunan gentamicin, vancomycin ko amiodarone a bututu ɗaya. Na taɓa ganin ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara a mahaɗar bututun, dole muka tsayar muka sauya layin gaba ɗaya. Shi ya sa nake ware masa jijiyarsa daban, a riƙa gwajin aPTT (wanda ke auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare) duk bayan awa 6, protamine kuma, maganin da ke karya ƙarfin heparin, yana kusa.

Ƙorafina ɗaya ne: daga nesa ledar tana kama da ta ruwan drip na yau da kullum, don haka muke manna mata jan tambari kafin mu rataye ta.