Ciyawar ado a inuwa: Chasmanthium ko Elymus?

A gabashin Amurka, mai lambun da manyan itatuwa suka yi wa rumfa yakan sha wahalar samun ciyawar ado mai jure inuwa. Akwai biyu 'yan asalin yankin: Chasmanthium latifolium da Elymus hystrix.

Ta farkon 'yar bakin rafi ce, tana son ƙasa mai danshi. Sai ɗumi ya shigo take tasowa, ta kai mita ɗaya ko ta ɗara. Kyanta yana ga kawunan irinta: fale-fale ne, suna lilo a siraran tsinkaye, kore shar da farko, da kaka su rine ruwan tagulla, su tsaya har hunturu. Aibinta kuwa zubar da iri. In ba a yanke kawunan ba, baɗi lambu ya cika da 'ya'yanta, tuge su kuma aiki ne.

Ita Elymus lokacin sanyi-sanyi take girma, kanta tsaye cirko-cirko kamar buroshin wanke kwalba. Ta fi haƙuri da busasshiyar ƙasa, sai dai gindinta ba ya shekaru da yawa.

A ƙarƙashin itatuwan da saiwoyinsu ke shanye ruwa, Elymus zan shuka. In akwai danshi da fili, Chasmanthium ta fi ta kyau nesa ba kusa ba.