Libar birki da ta kuloci masu saiti: kulocin ya biya kuɗinsa, birkin sai da lura

Mai gajerun yatsu irina ya san azabar gosulo a kan mashin. Libar kulocin da kamfani ke ɗaurowa tana da nisa da mariƙi, sai ka miƙa yatsu ka cafko ta da kan gaɓa, ka matse, ka saki, ka sake matsewa, tun daga Kurna har Fagge. Kafin ka sauka dantse ya yi tsami. Shi ya sa na nemi irin libobin nan masu saiti na ɗaura wa Bajaj Pulsar 150 ɗina, wanda kulocinsa na waya ne, birkin gabansa kuma na mai.

Waɗanda na samu 'yan Chana ne, na alminiyom, baƙaƙe, kowace da ɗan maɓalli ja mai lamba 1 zuwa 6. Lambar ce ke matso da libar kusa da mariƙi ko ta nesanta ta. Sun fi liba ta gama-gari tsada nesa ba kusa ba, amma a hannu suna da nauyi da santsi, ba irin kwanon nan da ke karyewa da zarar mashin ya kwanta ba.

Ɓangaren kuloci ba wani aiki ba ne, sifana mai lamba 10 da sukudireba sun isa. Ka sassauta wayar a wurin saitinta, ka zare kanta daga ramin libar, ka kwance notin ƙasa, ka zaro kusar. Akwai ɗan zoben ƙarfe a ramin tsohuwar libar, tawa sabuwar ba ta zo da nata ba, sai da aka ciro shi aka mayar. A shafa giris, kuma kada a ɗaure notin tamau: in ka saki liba ya kamata ta koma da kanta, tas.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne, maɓallin nan ba ya saita kuloci, nisa kawai yake canzawa. Dole ka koma kan wayar ka bar mata ɗan wasa, kamar milimita 2 zuwa 3 a bakin inda libar ke haɗuwa da gidanta. In babu wasan, kuloci zai riƙa zamewa yana cin farantansa na cikin inji. A lamba 1 kuwa, wadda ta fi kusa, libar tana taɓa mariƙi tun kuloci bai gama saki ba, sai mashin ya riƙa jan jiki a tsaye, giya ta yi tauri, neman firi ya zama aiki. Ni a lamba 3 na tsaya.

Birki ne inda nake so mai karatu ya natsu. A mashin mai birkin mai, gindin libar yana da ɗan ƙullutu da ke tura fistin ɗin da ke ƙarƙashin akwatin man birki. In ƙullutun ya fi na asali tsawo ko da kaɗan ne, fistin ba zai koma mazauninsa ba, ya toshe ɗan ramin da mai ke komawa akwati. Kana tafiya birki na gogar faifan ƙarfen da ke jikin tayar gaba, man ya yi zafi ya kumbura, ba shi da mafita, har tayar gaba ta kame a tsakiyar titi ba tare da ka taɓa komai ba. Da ido ba ka ganin bambancin.

Da muka ɗaura libar birkin da na fara sayowa, sai muka kafe mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, yaron bakanike ya danne baya, muka juya tayar gaba da hannu. Da tsohuwar liba tayar na wulwulawa, da sabuwar kuwa ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya, kana jin ƙarar guga, shuu. Bakanike ya ce, "Oga, kawo in goge ta da magagari, yanzu za ta zauna." Na ce a'a, Malam, ba a gwajin hannu da birkin gaba. Na mayar wa mai shago. Da farko ya tsaya kan cewa kowane mashin tana hawa, daga baya ya lalubo wadda aka rubuta sunan Pulsar a kwalinta. Ita ta zauna daram, tayar ta sake, fitilar birki na kamawa da an taɓa. Ita ma wannan fitilar a duba ta, da ɗan makunnin da ke ƙarƙashin libar kuloci, wanda ke ba da damar tayar da mashin yana cikin giya.

A hanya, kuloci ya yi yadda nake so. Yatsuna suna zagaye libar sosai, tashi daga tsaye ya yi laushi, ciwon dantsen ya ragu ƙwarai. Amma ba ta rage taurin kuloci ba, wannan aikin wayar ne da mai. Wanda ya sayi gajeruwar liba ta yatsa biyu don kwalliya ma ƙarin tauri zai ji, don haka na ɗauki doguwa. A birki kuwa, gaskiya bambancin bai kai na kuloci ba, sai dai yanzu yatsu biyu na kan liba kullum ba tare da na saki mariƙi ba.

Aibinsu: jan maɓallin ya fara koɗewa a rana, libar kuloci tana ɗan girgiza sama da ƙasa fiye da ta asali, ƙurar hunturu kuma in ta shiga maɓallin yakan ƙi juyawa sai an ɗiga masa mai. Wanda hannunsa ke kai wa libar kamfani ba wahala, ya riƙe kuɗinsa ya sayi taya mai kyau. Mai gajerun yatsu ya saya, amma ya je shagon da mashin ɗinsa, kuma kada ya biya sai an juya tayar gaba a gabansa.