Rancen gina filin wasa a Italiya: bankin gwamnati, bankin kasuwa ko masu zuba jari?

Kulob ɗin da ke son gina fili ko gyara tsoho a Italiya, kafin ya tunkari kowane banki sai ya amsa tambaya ɗaya: ƙasar da filin ke kai ta wa ce? Yawancin filayen Serie A mallakar hukumomin birane ne, kulob ɗan haya ne kawai, kuma ba a jinginar da abin da ba naka ba. Shi ya sa Udinese ta fara karɓar haƙƙin shekara 99 a kan filin Friuli, Atalanta kuma ta sayi nata daga birnin Bergamo a 2017 kan Yuro miliyan 8.6, sannan aka zauna maganar rance.

Ƙofar farko da ya kamata a ƙwanƙwasa ita ce Istituto per il Credito Sportivo e Culturale (a da sunansa Istituto per il Credito Sportivo), bankin gwamnati da ke birnin Rum, wanda aka kafa da doka a watan Disamba 1957. Kusan kashi 80 cikin ɗari na hannun jarinsa na ma'aikatar kuɗi ne. Ba shi da wata sana'a sai wasanni da al'adu, don haka yana ba da wa'adi mai tsawo, kuma yana riƙe da asusun gwamnati guda biyu da bankin kasuwa ba shi da su. Ɗaya yana rage wa mai rance kuɗin ruwa, ɗayan yana tsaya wa ƙananan ƙungiyoyin da jinginarsu ba ta kai ba. Hukumomin birane ma, a shirin Sport Missione Comune, kan samu rance ba ruwa ko kaɗan.

Sai dai kuɗin nan ba na mai gaggawa ba ne. Za a nemi cikakken zanen gini da ƙiyasin kuɗi, da amincewar kwamitin Olamfik na ƙasar, wato CONI, cewa ginin ya cika ƙa'idar wasanni, da izinin gini, da lissafin shigar kuɗi na tsawon shekarun rancen. Inda ƙananan ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe shi ne takardar hayar fili: in saura shekara 6 ta ƙare, kai kuma kana neman rancen shekara 15, sai ka koma birni an tsawaita maka tukuna. Kuma ba a fitar da kuɗin gaba ɗaya, ana saki ne gwargwadon inda aiki ya kai, saboda haka ɗan kwangila zai buƙaci abin da zai fara da shi.

Dubi yadda Juventus ta haɗa nata, filin da aka buɗe ranar 8 ga Satumba 2011. Ta ci Yuro miliyan 60 daga bankin, miliyan 50 a 2009 da ƙarin 10 daga baya. Kamfanin Sportfive ya sayi haƙƙin raɗa wa filin suna na shekara 12 kan miliyan 75, an kuma sayar da wurin gina rukunin kantuna da ke jikin filin kan kusan miliyan 20. Ka ga rancen bai kai rabin kuɗin aikin ba. A ganinmu wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa a kwaikwaya, domin kuɗin suna ba bashi ba ne da za a mayar, sai dai fa ka sayar da kuɗin shigar shekara 12 tun yau.

Bankin kasuwa ya fi sauri, amma wa'adinsa ya fi gajarta, kuma yakan nemi mai kulob ya tsaya da dukiyarsa. Ya fi amfani a matsayin abokin tafiya a babban aiki, ko don cike giɓin 'yan watanni.

Takardun lamuni, wato takardun bashi da kulob ke sayar wa masu zuba jari, na manya ne. Roma ta fitar da na miliyan 275 a 2019 da ruwa kashi 5.125, Inter ta fitar da na miliyan 415 a 2022 da kashi 6.75. Abin jinginar shi ne kuɗin talabijin da na masu ɗaukar nauyi, waɗanda ke fara shiga wani asusu na daban, a cire na masu bin bashi, ragowar ya iso kulob. Uwar kuɗin kuma ana biyanta ne a dunƙule ranar da wa'adi ya cika, wanda a aikace yana nufin cin sabon bashi a duk farashin da kasuwa ta yanke a lokacin. Kaka ɗaya ba gasar zakarun Turai, lissafin ya rikice.

Mafi tsada shi ne rancen kamfanonin zuba jari, inda ake jinginar da hannun jarin kulob ɗin kansa. Li Yonghong, mai kulob ɗin Milan a lokacin, ya kasa biya a 2018, kamfanin Elliott ya karɓe Milan. Suning, mai kulob ɗin Inter a lokacin, ta ci miliyan 275 daga kamfanin Oaktree a 2021, ruwa ya hau ya kai kusan miliyan 395, a watan Mayu 2024 Inter ta koma hannun Oaktree, makonni kaɗan bayan ta lashe kofin Serie A na 20.