Hattara: ta ci mini Naira 840,000 da sunan ruwan inabi na oganik, ta aiko mana da giya

Jama'a, akwai wata mata da ke tallar farin ruwan inabi na oganik marar barasa a Instagram da WhatsApp, tana cewa daga Sifen take shigo da shi. 'Yar damfara ce. Naira 840,000 ta ci mini, dubu ɗari takwas da arba'in, kuma abin da ta aiko ya fi rashin kuɗin ƙona mini rai. Giya ta aiko mana. Giya, gidan da babanmu ke jan salla a masallacin layi, ana cikin hidimar bikin ƙanwata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu da nake rubutun nan hannuna rawa yake.

Tun kafin wani ya shigo ya ce mini "ke ma me ya kai ki", ku tsaya ku ji. Ni ba baƙuwar kasuwa ba ce. Girkin biki nake yi shekara da shekaru, kasuwannin Singa da Sabon Gari a nan Kano babu layin da ban sani ba, kuma ba a taɓa sayar mini da mai gauraye ko shinkafar da aka sake wa buhu ba. Dalilin da ban shiga Singa na ɗauki lemon kwalba irin na kowa ba, Ummanmu ce. Tana da asma, kuma sinadarin salfait da ake zubawa a yawancin kayan inabi don kada su lalace yana tayar mata da ita. Amarya kuma ta nace tana son kwalaben nan dogaye a kan tebur ranar dina, mahaifiyarta ta sha abin da kowa ke sha. Shi ne na ce zan nemo mata zallan ruwan inabi, wanda bai taɓa tsimuwa ba, babu ƙarin sukari, babu salfait.

Kuma na yi bincike, wallahi na yi. Na san oganik yana nufin inabin da aka noma babu takin zamani, babu feshin maganin ciyawa da na ƙwari na kamfani, kuma a Turai sai gonar inabi ta shekara 3 a kan wannan tsari kafin a yarda a kira amfaninta oganik. Na san tambarin oganik na Tarayyar Turai, koren fili da taurari 12 farare da suka yi siffar ganye, wanda aka fara aiki da shi a 2010. Na san dole a ga lambar hukumar da ta duba kayan kusa da shi, na Sifen yana farawa da ES-ECO, na Italiya IT-BIO, na Faransa FR-BIO. Na san a dokarsu idan salfait ya wuce miligiram 10 a lita sai an rubuta a jikin kwalba. Har bambancin da mutane da yawa ba su sani ba na sani: akwai ruwan inabi zalla, akwai kuma giyar da aka yi ta ta zama giya sannan aka cire mata barasa, wadda doka ta yarda a bar mata har kashi 0.5 cikin ɗari. Wannan ta biyun ce na ce mata ba na so ko kyauta, don na san Baba ba zai bari ta shigo masa gida ba. Da bakina na faɗa mata, yana nan a muryar da na tura.

To wace amsa ta ba ni? Ta kira ni ta bidiyo, tana cikin wani sito, katan-katan har rufi, da hijabinta har ƙasa. Ta ce, "Anti, ni ma 'yar Musulmi ce, ba zan ba ki abin da zai kai ni wuta ba." Haka ta ce. Ba zan ba ki abin da zai kai ni wuta ba. Ta ɗago kwalba ta juya mini bayanta, ta sa yatsa a kan ganyen nan mai taurari, ta karanto mini lambar. Ta ce inabin Airén ne daga yankin La Mancha na Sifen, na duba na ga lallai farin inabi ne kuma can ne gidansa, Sifen kuma tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan gonakin inabi na oganik. Duk abin da ta faɗa ya hau. Ku gaya mini wane ne zai ji wannan ya ce ƙarya ce?

Na manta ban faɗa ba, kafin kiran bidiyon ma ta aiko mini da samfur. Kwalba biyu, kuɗin mota kawai na biya. Na gaske ne. Umma ta sha ba ta yi ko tari ba, ta ce a sa wa yarinyar nan albarka. Kwalaben suna nan na ajiye, zan ɗora hotonsu gefe da gefe da waɗanda suka zo daga baya ku gani da idonku. Mutumin da ya aiko maka da kaya mai kyau ka ɗanɗana, ka duba tambari, ka duba kwanan lalacewa, me kuma ya rage ka duba?

Katan 30 na ce, kowane kwalba 6, a kan Naira 28,000 kowane katan. Shi ne 840,000 ɗin. Da farko 500,000 na tura kafin alƙalami, a kan sauran sai kaya sun iso Kano. Mun yi haka da ita, rubuce yake. Kwatsam wani dare ta kira tana kuka, wai kwastam sun tare motar a hanyar Legas, idan ba a biya ba kafin safiya za a sauke kayan, kuma ita duk kuɗinta suna cikin kayan. "Anti ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki." Ta turo hoton wata takarda mai hatimi, ta turo hoton mota a tsaye. Biki ya matso, an riga an raba kati, an biya kuɗin wurin dina. Na tura cikon 340,000. Dubu ɗari uku da arba'in, kuɗin adashina ne da na ɗauka a watan, ko kwana ba su yi a hannuna ba. Na farkon kuma, 500,000 ɗin, rabinsa gudummawar Yayanmu ce da ya turo daga Abuja ya ce in yi abin sha da shi. Har yau ban iya kallon idonsa sosai ba, duk da bai ce mini komai ba.

A'a, ina jin takardar kwastam ɗin sai bayan na tura kuɗin ta turo ta, don in kwantar da hankali. Ko kafin ne. Zan duba hirar, komai yana nan da lokacinsa, ban goge ko harafi ɗaya ba.

Na san abin da wasu za su kama shi ne sunan asusun. E, sunan namiji ne a jiki, ba sunan shagon ba. Na tambaya, ta ce na maigidanta ne. Ku je Kantin Kwari yau ku sayi atamfa ku ce za ku yi tiransifa, ku ga sunan wa zai fito. Na yaron shago, na ƙanin mai shago, na mai POS ɗin bakin layi. Haka kasuwar garin nan take tafiya, kowa ya sani, kada wanda ya zo yana nuna mini shi ya fi ni wayo.

Kaya suka zo tasha ana gobe kamu. Katan 12 maimakon 30. Na kira, ta ce sauran 18 suna motar baya, direban ya tsaya gyaran taya a Kaduna. Na buɗe na sama a nan tashar, irin samfurin ne sak, na buɗe na biyu, shi ma haka. Na sa aka loda a adaidaita muka tafi gida. Ashe biyun nan kaɗai ne na gaske, da gangan aka ɗora su a sama.

Yadda asiri ya tonu, Allah ne kawai ya so mu da rahama. Ranar kamu da yamma yara suka zuba kwalabe a cikin durom ɗin ƙanƙara don su yi sanyi. Takardar da aka manna a jiki ta jiƙe ta fara ɗagowa. Ƙaninmu ne ya lura, ya ja ta da farce, sai ga wata takardar a ƙasa, da wani suna daban, an rubuta 11% vol. Kashi 11 cikin ɗari barasa. Farar giya ce mai araha aka bi kwalba ɗaya bayan ɗaya aka lulluɓe da sitika mai 0.0% da ganyen taurari. Da na dube shi da kyau a haske, tambarin ma hoto ne aka buga, koren ya yi duhu, babu lambar ES-ECO ko ɗaya a gefensa, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu sunan kamfanin da ya shigo da shi. Wani ya zauna da almakashi da gam ya yi wannan aikin, kwalba 60, yana sane da gidan Musulmi za a kai.

Kafin ƙanin namu ya shigo da gudu, Gwaggo ta riga ta sa an buɗe mata ɗaya. Tsohuwar da ba ta wuce sallar dare, ta kurɓa ta furzar, ta ce wannan abu ya lalace, yana da ɗaci yana warin tsami. Ba ta san warin mene ne ba, ina za ta sani? Da aka gaya mata, kuka ta fashe da shi tana wanke baki tana istigfari, a gaban dangin ango da suka zo kamu. A gabansu. Baba ya fito ya ce mata babu laifi a kan wanda bai sani ba, sannan ya sa aka kwashe katan goman aka kai bayan gida aka tuttular a kwata, ya tsaya a kai har aka gama. Da ƙyar na roƙe shi ya bar mini kwalba uku saboda shaida. Da takardar nan ba ta jiƙe ba fa? Washegari dina ce, mutum ɗari biyu da wani abu, da yara, da masu ciki, da Umma da asmarta, ita kuwa giya irin wannan kusan duk da salfait a ciki. A Kano, inda Hisbah ke fasa kwalaben giya a bainar jama'a, a ce gidan liman aka raba ta a biki. Da wane ido za mu fita?

Ba zan ba ki abin da zai kai ni wuta ba. Ina ta maimaita muryar nan a waya, ina sauraron yadda ta faɗe ta babu ko ɗar, har da 'yar dariya a ƙarshe.

Na kira ta a daren, ta ɗauka, ta ce wai kuskuren yaran sito ne, za ta dawo mini da kuɗina duka da safe. Da safe na tura saƙo, layi ɗaya ya nuna. Hotonta ya ɓace a WhatsApp. Shafin Instagram ɗin ya toshe ni, da na shiga ta wayar ƙawata sai na ga an canza masa suna, yanzu wai zuma da man zaitun na oganik take sayarwa, hotunan sito ɗaya, hijabi ɗaya. Katan 18 ɗin da ke "motar baya" har yau suna Kaduna ana gyaran taya. Zoɓo da kunun aya na kwana ina haɗawa muka fita kunyar dina, da kuɗin da na ranta.

Na je banki, sun karɓi ƙorafi sun ce in kawo rahoton 'yan sanda, riƙe asusun kuma sai da umarnin kotu. Na kai rahoton. Kwalabe ukun zan kai ofishin NAFDAC, zan kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Tun da na fara faɗa a guruf ɗin masu girki, mata biyu sun yi mini magana, ɗaya a Kaduna ɗaya a Zariya, labari iri ɗaya har kukan kwastam ɗin. Lauya ya ce kada in saki suna da lambar asusun tukuna, shi ya sa ba ku gan su a nan ba. Amma hotunan hirarmu, rasit ɗin 500,000, rasit ɗin 340,000, muryoyinta da bidiyon ɓare sitikar, duk zan ɗora su da zarar ya ba ni dama. Wadda ta san an yi mata irin wannan ta same ni ta akwatin saƙo mu haɗa ƙara.

Masu shirin biki: kada ku cika kuɗi sai kun buɗe kowane katan har na ƙasa, ku kankare gefen takardar kwalba da farce, ku nemi lambar NAFDAC da lambar da ke gefen tambarin. Duk wanda ya kira ku da dare da labarin kwastam, ku kashe wayar.

Ke kuma na san kina karantawa, don na san kina da wani shafin da kike bibiyata da shi. Naira 840,000, da adashina da kuɗin Yayana, da hawayen Gwaggo a gaban surukai. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da ke, kuma kotu za ta haɗa mu.