Littafin ɗan Alhaji da almajirin gidansu: babin ƙarshe ya ɓata aikin

Littafin yaran nan na abotar ɗan Alhaji da almajirin da ke yi musu wanke-wanke ya fara da kyau ƙwarai. Marubucin ya san tsangaya ciki da waje. Yaron ƙolo ne, wato ƙaramin almajiri, bai ma kai titibiri ba, wato almajirin da ya fara tasawa, kuma an nuna yadda yake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, yadda yake fafutukar kuɗin Laraba, da yadda Alhamis, ranar da ba karatu, ta zama ranar wasansa da abokinsa. Wariyar ma ba a yi ta da hayaniya ba. Hajiya ba ta taɓa zaginsa ba. Kofinsa dai daban ne, an ɗaura masa zare a mariƙi, kuma iyakarsa ƙofar kicin. Ɗan aji huɗu zai gane wannan ba sai an fassara masa ba.

Sai aka zo babin ƙarshe. Wai ashe almajirin ɗan wani attajiri ne da ya ɓace tun yana goye, aka gane shi da tabo a kafaɗa. Nan take Hajiya ta rungume shi, aka shigar da shi falo, aka zuba masa lemo a kofin gilashi. Haba malam! To da a ce ɗan manomi ne daga ƙauye, kamar yawancin yaran da ke tsangayun Kano da Zariya, shi ke nan sai ya dawwama a bakin ƙofa? Abin da yaro zai ɗauka shi ne a mutunta almajiri don wataƙila ɗan manya ne. Hajiya ba ta sake hali ba, asalin yaron aka sake mata. Shi kuwa ɗan Alhaji, da ya sha faɗa har da bulala a kan abokinsa, an mayar da shi ɗan kallo, ba shi da hannu a warware komai.

Malamin da zai karanta wa 'yan aji ya tsaya a babin da ɗan Alhajin ya ɗauki kofin mai zare ya sha ruwa a gaban uwarsa. A rufe littafin nan, a tambayi yara abin da Hajiya za ta yi, kowa ya rubuta layi biyar.

Da wannan dabarar da na ce a saya, amma bugun ma da gyara. An watsar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ a shafuka da dama, mai koyon karatu sai tuntuɓe yake yi. Takardar sirirya ce, zanen bayan shafi yana lekowa cikin rubutu. Ƙusar maƙala biyu kawai aka danna a tsakiya, shafukan tsakiyar ne ke fara fita, kuma a nan babin kofin yake. Wanda ya riga ya saya ya ɗinke gindin da zare da allura kafin ya miƙa wa yaro.