Na kira mai gyaran wuta don ɗakin firiza: ga yadda aikin ya kasance

A ƙarshen gidanmu da ke Yelwa, nan Garwa ta Kamaru, akwai wani ɗaki da ke tsaye shi kaɗai, kamar mita 25 daga babban gini. Nan uwargida ta ajiye firiza biyu, tana yin ƙanƙara da folere, wato zoɓo, na sayarwa. Tun bara take cewa murfin firiza yana jan ta in hannunta da lema, ni kuma ina ce mata ta riƙa sa silifas. Sai ran da na shiga da ƙafar alwala na dafa murfin da kaina, na ji abin har cikin haƙorana. Washegari na nemo mai gyara.

Saurayi ne, wani maƙwabci ya haɗa mu. Ya ce ƙarfe takwas, bai iso ba sai bayan azahar, wannan kam na rubuta masa a laifi. Amma da ya buɗe soket ɗin sai ya kira ni: "Baba, zo ka ga abin da aka yi maka." Wanda ya ja mana wutar tun farko waya biyu kawai ya kawo daga gida. Da ya rasa ta uku, wato mai launin kore da rawaya da ke zuwa ƙasa, sai ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa gurbinta da shuɗiyar da wuta ke komawa ta cikinta. Da shuɗiyar ta yi sako-sako a wani mahaɗi, wutar ta rasa hanya, ta hau jikin firiza tana jiran mai taɓawa.

Na tambaye shi me ya hana disjonkta na wajen mita, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an sami matsala, faɗuwa. Ya ce wancan sai wutar da ke zurarewa ta kai wajen miliamfa 500 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana ke nan) yake motsi, alhali kaso kaɗan na wannan ya isa ya kashe mutum a wutarmu ta bolt 220. Shi ya sa ya kafa wa ɗakin ƙaramin akwatin rabon wuta nasa, da disjonkta mai yankewa a miliamfa 30. A ciki shuɗayen wayoyi suna da wurin ɗaurinsu, masu kore da rawaya suna da nasu, ba inda suka gamu. Ɗana, da ya sha kallon bidiyon masu gyaran Amurka a YouTube, ya ce ai su suna haɗa su a babban akwati. Saurayin ya ce nasu tsarin daban ne. Mu nan ƙa'idar Faransa, NF C 15-100, ake koyarwa, kuma a cikin gida ba a haɗa su ko'ina.

Inda ya ci kuɗinsa a wurina shi ne wajen sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa don wutar da ta zurare ta bi shi ta shige ƙasa. Watan Afirilu ne, ƙasar Garwa ta bushe ƙamas, guduma na tsalle a kan ƙarfe. Ya kafa sanda mai rufin jan ƙarfe, tsawon mita biyu, sannan ya fito da na'urar awo, abin da ban taɓa ganin wani mai gyara ya zo da shi gidana ba. Allon ya nuna om 170, wato awon yadda ƙasar ke tare wa wuta hanya. Ya girgiza kai, ya ce bai kamata ya wuce 100 ba. Na ce ko a zuba gishiri da gawayi yadda aka saba? Ya ce gishiri zai sauke awon yau, amma ya cinye ƙarfen a hankali, damina kuma ta wanke shi. Ya ƙara sanda ta biyu can kusa da magudanar wanke-wanke inda ƙasa ke da danshi, ya haɗa su da tsurar wayar jan ƙarfe, awo ya dawo 62. Daga nan ya ɗaure bututun ruwa na ƙarfe da ƙyauren ɗakin a kan wayar ƙasar, ya kuma haɗa ta da ta babban gida ta sabuwar waya mai ciki uku da ya binne.

Kaya da ladan hannu sun tashi jaka 145 na sefa, kuma jan ƙarfe ne ya cinye mafi yawa. Na ji a jikina, ba zan ɓoye ba. Wani abin da ya ɓata mini rai: ya fasa simintin tsakar gida don binne waya, ya ce gobe zai turo magini, yau wata biyu ke nan. Bai kuma rubuta a akwatin wane makunni ne na wace firiza ba, sai da na bi su ɗaya-ɗaya da alƙalami.

Duk da haka na ba ƙanena lambarsa, don shi ma yana da injin niƙa a bayan gida. Akwai ɗan maɓalli a jikin sabon disjonktan da ya ce a danna duk wata a ga ko yana yanke wuta. Uwargida ce ta karɓi wannan aikin, ta ce ni ban cancanta ba tun da na ce mata ta sa silifas.