Google Classroom da hutun malami: inda yake taimakawa, da inda yake ƙara nauyi

Lokacin da aka rufe makarantu a Najeriya a watan Maris na 2020 saboda korona, yawancin malamai WhatsApp suka koma, don shi ne kowa ke da shi. Illarsa ta fito da wuri. Lambar malami tana hannun ɗalibai da iyaye, tambaya tana shigowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, aikin gida yana cakuɗewa da gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa. A kan wannan ma'auni muka ɗora Google Classroom, manhajar Google ta tura wa ɗalibai darasi da karɓar aikinsu, wanda ya fito a 2014 kuma kyauta ne: shin yana raba wa malami lokacin aiki da lokacin iyali?

Yana rabawa, kuma nan ne babban amfaninsa. Ɗalibi yana shiga aji da lambar sirrin ajin, ba ya buƙatar lambar wayar malami. Malami zai iya zama ranar Asabar, lokacin da akwai wuta da sabis, ya shirya darussan mako guda, ya sa wa kowanne rana da sa'ar fitowarsa ta maɓallin Schedule. A cikin saiti ana kashe sanarwar imel aji-aji, ana kuma hana ɗalibai wallafa saƙo a shafin farko. Ga wanda ke koyar da aji uku darasi ɗaya, aiki guda ya isa a tura wa duka. Gwajin zaɓi-ɗaya da aka yi da Google Forms kuwa shi ke ba kansa maki.

Matsalar tana wajen duba aikin hannu. Ɗalibanmu a littafi suke rubutu, su ɗauki hoto su turo. A ce aji mai ɗalibi 60, kowa shafi uku, kowane hoto megabait 3: megabait 540 ke nan a aiki ɗaya. Ma'ajin asusun Google na kyauta gigabait 15 ne, kuma da shi Gmail da hotunan malami ke rabawa, don haka zai iya cika kafin zango ya ƙare. Ga kuɗin data, ga ciwon ido na karanta rubutu mai dishi-dishi a ƙaramar waya. Malamai da yawa a nan suke karaya, ba wajen koyarwa ba. Maganinsa shi ne a umarci ɗalibai su haɗa shafukan cikin fayil ɗaya na PDF, a kuma taƙaita aikin da ake dubawa da hannu zuwa ɗaya a mako.

Sai batun asusu. Kowane ɗalibi sai da adireshin Google, kuma yaro ƙasa da shekara 13 ba zai buɗe nasa ba sai ta hannun iyaye. A gidan da yara huɗu ke jiran wayar uba ya dawo daga kasuwa, aiki zai makara, kuma malami ne ake kira idan an manta kalmar sirri. Ga firamare, ba mu ba da shawarar Google Classroom ba. Darasin rediyo da takardar aiki sun fi shi.

Ragowar nauyin na shugaban makaranta ne. Ya nemi asusun makaranta na Google Workspace for Education, wanda matakinsa na farko kyauta ne ga makarantun da suka cika sharaɗi, don kada aiki ya cinye wa malami ma'ajinsa. Ya ware mutum ɗaya don matsalolin shiga. Ya rubuta wa iyaye sa'o'in amsa tambaya, misali takwas na safe zuwa La'asar, shi ma ya kiyaye su. Kuɗin data kuma makaranta ce za ta biya, a farkon wata, ba bashi ba.

Ga babbar sakandare da kwaleji, inda yawancin ɗalibai ke da wayarsu, ya cancanci a koma Google Classroom, a bar WhatsApp don sanarwa kawai, tare da kulle zauren yadda shugabanninsa kaɗai ke iya turo saƙo.